Rumbun Baba Ya Ƙi Ƙarewa

Sallama gare ku masu bina tun farko, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Ku matso kusa. Amma wadda ba ta karya ba ta je ta sa wani abu a cikinta tukuna, don labarin yau ba ya sauraruwa da yunwa.

Ni ce Hinda 'yar Manzo. Ƙauyenmu yana kusa da Mallawa, inda in ka miƙe kudu da safe, kafin rana ta take kana ƙasar Ingilishi. Mu kuwa Faransa ke riƙe da mu a lokacin. Kumandan yana zaune a barikin Magarya, ba mu san fuskarsa ba, dokarsa kawai muka sani. Cikin dokokin nan har da ta rumbun tsimi. Kowace kaka kowane magidanci sai ya kai damman hatsi, a jera su cikin wani ƙaton rumbu a bakin gari, a kifa jinka a rufe. Hatsinka ne, guminka ne, amma ba ka isa ka zari zangarniya ɗaya ba sai Nasara ya ce a buɗe. Wanda ya taɓa, gidan kaso na Damagaram za a kai shi, kuma ba kowa ke dawowa daga can da ƙafarsa ba.

Mai tsaron wannan rumbu shi ne Illo. Kuma Illo ne ke nemana da aure.

Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in yana magana sai ya riƙa sosa ƙeya kamar an kama shi da laifi. Sana'ar gidansu gyaran rumbu ce, saƙar zana da ɗaurin jinka. Shi ya ɗaura wa rumbun tsimi jinkarsa, shi ya sa maigari ya ce to ya ci gaba da tsaronsa. Ku 'yan yanzu saurayi yana kwance a ɗaki zai danna waya ya ce ya kasa barci saboda ke. Mu Gwaggo Gumsu ce wayarmu, ƙanwar Baba, mai kitson gari. Ina zaune tsakanin ƙafafunta tana ja mini gashi kamar da gayya, sai in ji goro ya faɗo a cinyata.

"Wani ya ce a gaishe ki."

"Wa?"

"Kin fi ni sani, munafuka. Gyara kanki."

Illo ya taɓa aiko mini da tsakiya ja, dutsen ado mai kyau, na ɗaura ta a wuya ƙarƙashin mayafi don kada Inna ta gani, alhali Inna ta gani tun ranar.

Da manyansa suka zo, Baba bai ƙi ba, amma bai yi dariya ba. Ya ce a bari sai bayan kaka. Na san abin da ke ransa. Ba ya son a ce surukinsa ne ke riƙe da sanda yana tsare wa Nasara abincin mutane. Baba mutum ne mai suna ɗaya a duk yankin: ba ya ƙarya. In biyu sun yi rigimar iyakar gona, ko daga Waca ne, wurinsa ake zuwa, ya taka ya ce nan ne, magana ta mutu. Gaskiyarsa har ta yi yawa. In Inna ta ce, "Malam, miyar ta yi?" in ba ta yi ba sai ya ce, "Ba ta yi ba, amma Allah ya yi albarka." Shekara da shekaru tana tambaya, ba ta daddara ba.

To kakar da aka ce mu jira ba ta zo da kome ba. Ruwa ya ɗauke hatsi na fidda kai, abin da ya tsira fara ta sauka ta gama da shi. Kafin bazara ta yi nisa, gari ya koma cin anza. Ku da ba ku san anza ba, Allah ya sa kada ku sani. 'Ya'yan wani itace ne masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciyu. Mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Aka daina jin daka da safe. Karnuka ma suka daina haushi.

Zan gaya muku wani abu da ban taɓa gaya wa ƙawa ba. A kwanakin nan na daina son Illo. Ba ƙinsa na yi ba, a'a. Wurin da son yake zaune ne ya zama fayau. Da can in na hango shi daga rijiya sai guga ya kusa suɓuce mini. Yanzu in ya tsaya gaishe ni a bayan danga, hannunsa nake kallo ko ya riƙo wani abu. Tsakiyar nan ja da nake kwana da ita, na kai ta kasuwar Mallawa na musanya da ɗan dusa, kuma ko hawaye ban yi ba. Da na dawo ne abin ya dame ni, na zauna kusa da Inna tana tace anza, na ce, "Inna, anya ni mutuniyar kirki ce?"

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Ke, me kuma aka yi?"

Na gaya mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yo da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ciki ne babba a gidan nan, in yana magana kowa shiru yake yi. Bari ya ƙoshi ki gani, tsoro ne zai karɓe zancen. Sai tsoro ya kwanta sannan zuciya ke tuna tana son wani. Son naki bai mutu ba, layi yake bi."

"To Baba fa? Shi kullum zancensa mutunci."

Ta watsar da ruwan ɗacin a gindin danga. "Ubanki daban ne. Shi daga sama ya fara gininsa. Allah dai ya sa kada ya rufto mana."

Ƙanwata Saratu ce ta fi ba mu tsoro. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina kuka, sai dai ta bi mutum da ido. Inna ta roƙi Baba mu tsallaka ƙasar Ingilishi wurin yayanta kamar yadda gidaje da yawa suka yi. Ya ce shi ba zai je ya tsuguna a zauren wani yana jiran a miƙo masa ƙwarya ba. Suka yi kwana da kwanaki ba mai yi wa wani magana sai gaisuwa.

Ana cikin haka sai wani abu ya fara ba ni mamaki. Rumbunan maƙwabta duk an kwantar da jinkarsu a ƙasa, alamar babu kome. Namu kuwa ya ƙi ƙarewa. Bayan 'yan kwanaki sai Baba ya jingina tsani, ya hau, ya sauko da dami ɗaya, ya ajiye a bakin turmi ya wuce masallaci. Inna ta ce a riƙa daka a cikin ɗaki, a shimfiɗa tsumma ƙarƙashin turmi don kada a ji. Muka koma shan kunu, wani lokaci har tuwo. Kumburin Saratu ya fara saɓewa.

A garinmu mace ba ta leƙa rumbun maigida. Ko matarsa ba ta leƙawa, balle ɗiya. Abin da ya rage a ciki sirrinsa ne, shi ne rufin asirin gida. Amma ni ce mai sussuka, kuma ni Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Baba da igiyar rama yake ɗaure daminsa. Waɗannan kuwa wani da kaba, wani da ɓawon kalgo. Wani zangarnunsa dogaye, wani gajeru masu kauri. Gona ɗaya ba ta haifi waɗannan damman ba.

Wata rana da rana tsaka, gari ya watse daji neman anza, Baba ya tafi jana'iza wani ƙauye, aka bar ni da Saratu tana barci. Zafi ake yi irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa. Na tsaya ina kallon rumbun nan, yana kallona. Na ce a raina, Hinda, kul. Sai na ga na ɗaure zane na jingina tsani.

Na ɗaga gefen jinka na leƙa. Babu kome. Ƙasan rumbun a share yake tas, sai kashin ɓera da wata tsohuwar igiyar rama. Daga gani ya daɗe da ƙarewa.

Ina nan maƙale a kan tsani sai na ji motsi ta bayan danga, wurin da akuya ta taɓa hudawa. Illo ne ya sunkuyo ya shigo, ɗauke da ƙaton ƙunshin shuci a ka, irin wanda yake yawo da shi kullum in zai gyara jinkar wani. Wa zai tambayi mai gyaran rumbu don an gan shi da ciyawa a gindin rumbu? Ya ɗago ido ya gan ni a sama. Ni ma na ga kan zangarniya ya leƙo daga cikin ciyawar.

"Sauko," ya ce a hankali. "Wa ya aike ki?"

Na sauko na nuna zangarniyar. "Daga ina?"

Ya kau da kai.

"Na ce daga ina ka samo?"

"Kin sani."

"Innalillahi. Rumbun kumandan?"

"Rumbun mutanen gari dai. Kumandan bai taɓa riƙe hauya ba." Ya sauke ƙunshin, ya share gumi da hannun riga. "Har da damman Babanki a ciki, na bara da na bara waccan. Nasa na ce zan maido masa, shi ke nan."

"To me ya hana ka kawo masa a hannu?"

Ya dube ni kamar na yi hauka. "In miƙa wa Baba abinci? Ni? In tsaya gabansa in nuna na san rumbunsa ya ƙare? Ai gara in zage shi a kasuwa. Wallahi da ya bar ku ku mutu da ya karɓa."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Na ce, "Ya san kai ne?"

"Ban taɓa gaya masa ba. Bai taɓa tambaya ba. Ina sawa, yana ɗauka."

Na zauna a kan turmi. Na tambaye shi yadda ba a gane ba. Ya ce duk damin da ya zare, sai ya ɗaura na kara mai girmansa ya tura ƙasa, ya mai da na gaskiya a sama. Wanda ya ɗaga jinka zai ga hatsi har baki.

"Damman Baba ai ba su da yawa," na ce. "Ba za a rasa su ba ko?"

Sai ya fara sosa ƙeya. Nan na san akwai saura.

"Matar maƙwabcinmu Sule ta gan ni ran nan. Sai ta juyo da ɗan da ke bayanta ta nuna mini shi. Me zan yi? Ita ma tana da 'yar'uwa. 'Yar'uwar tana da maƙwabciya mai jego. Ga tsohuwata." Ya sauke hannunsa. "Abin ya fi ƙarfina, Hinda."

"Saura kamar yaya?"

"Sama dai hatsi ne."

"Ƙasa fa?"

"Kara."

Na ɗora hannu a ka. Na hango shi da igiya a ƙugu ana jansa bayan doki a hanyar Damagaram. Bakina ya buɗe zan ce masa ya daina, ya rufa mana asiri ya daina. Shi ma ya ga maganar na zuwa, sai ya matso.

"Faɗi. Ki ce in daina, wallahi daga yau na daina. Wannan ma in mai da shi."

'Yan'uwa, ku da kuke karanta wannan da ƙoshinku, na san abin da kuke cewa. Mai so ta gaskiya ai cewa za ta yi ya daina. Ni ma haka na ɗauki kaina. Amma a daidai lokacin Saratu ta yi tari a ɗaki, ƙanshin hatsin nan kuma yana shigar mini hanci ta cikin ciyawa. Na nemi kalmar nan a bakina na rasa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, kunya kamar ta kashe ni.

Ya yi ɗan murmushi, ba na jin daɗi ba. Ya ɗauki damin ya hau tsani ya zura shi, ya gyara jinka, ya sauko.

"Na lura kin daina kallon fuskata," ya ce. "Ban ji haushi ba. Yanzu ban san ko ni kike so ko hatsi ba, ke ma ba ki sani ba. Ki rayu tukuna. In an ƙoshi na tambaye ki."

Ya tattara ciyawarsa ya fice ta inda ya shigo. Na yi kuka a ranar, kukan da ban yi wa tsakiyata ba.

Maganar Inna ta tabbata. Ciki ya yi shiru, tsoro ya karɓe zancen. In na ji kofaton doki sai in ɗauka Illo aka zo kamawa, ko da dokin maigari ne za a kai shi rijiya. In mata biyu sun haɗa kai a bakin rijiya sai in ga da mu suke. Tuwo ya daina yi mini daɗi, amma kada in yi muku ƙarya, ban daina ci ba. Har suɗe ƙwarya nake yi.

Na so in gaya wa Inna. Muna daka a ɗaki na ce, "Inna, kin san hatsin nan..."

Ta tsayar da taɓarya. "Ke. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Daka."

Ashe ta riga ni sani.

Baba ne ya fi ba ni tausayi. Ya rame fiye da lokacin anza, don loma biyu zai yi ya tura wa Saratu ƙwaryar. Wasu mutane suka zo daga nesa da rigimar iyaka, suka yi sallama a ƙofar gida, ya fita ya ce su yi haƙuri su je wurin liman, shi idonsa ba ya gani sosai yanzu. Ƙarya ce ta farko da na ji daga bakinsa, kuma bai iya ta ba, don yana faɗa yana kallon ƙasa. In sun haɗu da Illo a hanyar masallaci, Illo ya tuɓe takalmi ya tsuguna, "Baba, ina wuni," shi kuma ya amsa yana duban wani wuri. Amma na lura amsar ta ƙara tsawo. Har "yaya tsohuwarka" yake ƙarawa.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata la'asar iska ta taso, aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ake cewa na shuka. A shekarar lafiya da kafin gari ya waye kowa yana gona da sungumi. Wannan karon maza suka fito suka tsaya a bakin gonakinsu hannu a baya suna kallon ƙasa jiƙaƙƙiya. Iri babu. An cinye shi tun tuni.

Washegari da hantsi ina tsakanin ƙafafun Gwaggo Gumsu tana tsefe mini kai, sai ta ce, "Kin ji baƙi sun sauka gidan maigari? Tafintan kumandan ne da gardawa, dogaran nan na Nasara. Wai rumbun tsimi suka zo dubawa. Yau angonki zai sha yabo, yaron nan ko ɓera bai bari ya shiga ba."

Ita ba ta san kome ba, baiwar Allah. Na miƙe da rabin kai a tsefe, na ja mayafi na fita tana kirana.

Na tarar da Illo a gindin rumbun tsimi, zaune a kan dutse da sandarsa. Ya wanke rigarsa, har ya sa hula.

"Tashi ka bi ta bayan gari," na ce ina haki. "Kafin azahar ka tsallaka. Ba su bin mutum ƙasar Ingilishi."

"In na gudu tsohuwata za su ɗaure. Da maigari."

"To ka zauna su kashe ka?"

"Wataƙila sama kawai za su duba." Ya dube ni. "Yau dai kin kalli fuskata."

Sai ga su nan tafe. Gardawa uku da jajayen huluna da bulala, maigari yana biye, sai tafinta a kan doki cikin farin wando da takalmi sau-ciki. Mutum ne mai tumbi, cikinsa ya riga shi isowa. Duk gari ya biyo su, maza da mata, kowa ido ya faɗa, aka yi da'ira aka tsaya. Na koma cikin mata na tsaya bayan Inna, ta kama hannuna ta matse.

Tafinta ya sauka da ƙyar. Ya dubi tsanin rumbun, gungumen itace ne da aka sassaƙa wa matakai, jiƙe da ruwan jiya. Ya dubi farin wandonsa. Ya ce wa wani gardi ya hau, sai kuma ya ɗaga hannu.

"A'a. A wani gari gardi ya hau ya ce a cike, ashe an toshe masa baki. Kumandan ya ce dattijon gari ne zai shaida, in an sami ƙarya a san wuyan da za a kama. Maigari, wa kuke da shi da ba ya ƙarya?"

Wayyo Allah. Ba maigari kaɗai ya amsa ba. Baki ɗaya gari ya ce, "Malam Manzo."

Baba yana can baya, jingine da sandarsa. Aka buɗe masa hanya. Ya zo a hankali, ya tuɓe takalmansa a gindin rumbu, ya naɗe hannun riga. Bai kalli Illo ba. Illo ne ma ya riƙe masa tsani, kansa a ƙasa.

"Ba leƙe za ka yi ba, tsoho," in ji tafinta. "Ka ɗaga na sama, ka zura hannu har kafaɗa."

Aka ture jinka gefe. Baba ya hau, ya durƙusa a bakin rumbun. Muna kallo ya ɗaga dami ɗaya ya ajiye gefe, ya ɗaga na biyu. Ya zura hannu. Ya ƙara zurawa har kuncinsa ya taɓa hatsi. Sai ya tsaya cak.

Ya daɗe a haka. Farcen Inna ya shige mini fata ban ji zafi ba sai daga baya. Na san Baba ya san damin da yake ɗauka ba daga sama yake faɗowa ba, amma na tabbata bai san ɓarnar ta kai haka ba. Yanzu hannunsa na cikin kara. Kalma ɗaya zai faɗa a ɗaure wanda ya raya masa ɗiya. Ɗayar kuma ita ce abin da bai taɓa yi a gaban taron gari ba tun da aka haife shi.

Ya zaro hannu. Ya mai da damman nan biyu inda suke, ya daddanna su da kyau. Ya miƙe tsaye a saman rumbun, iska na kaɗa rigarsa, duk ƙasusuwansa a waje.

"Yaya?" in ji tafinta.

"A cike yake."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

"Za ka dafa Alƙur'ani?"

Maigari ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, Manzo ne fa. In ya ce rana ta faɗi da hantsi, mu alwala za mu yi." Mutane suka ce ƙwarai, haka ne.

Na saki numfashi. Na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, kuma a karo na farko cikin watanni na dubi Illo na ji abin nan na da ya motsa a ƙirjina, har ya fi na da. Na ce a raina mun tsira. Baba ya sayar da abin da ya fi so a duniya, amma mun tsira.

Baba ya fara saukowa. Ƙafarsa na kan matakin tsakiya tafinta ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Madalla. To ku saurara, mutanen gari. Kumandan ya san an yi ruwa, ya san ba ku da iri. Ya ce duk garin da aka tarar rumbunsa a cike, a buɗe shi a yau ɗin nan, a gabana. Kowane gida a ba shi abin da ya zuba, dami da dami, ku je ku yi shuka."

Gari ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa da muryoyin da na ɗauka yunwa ta cinye. Tsofaffi suka ɗaga hannu sama suna kuka suna hamdala. Wani ya rungume Illo yana sa masa albarka. Mutane suka ruga gida ɗauko igiya da masaki, masu rarrafe ma suka miƙe. A cikin taron nan na hango matar Sule da wasu mata biyu sun daskare, ba su yi guɗa ba. Baba yana nan a tsakiyar tsani, bai hau ba, bai sauka ba. Gardawa suka matso gindin rumbun, ɗaya ya ce wa Illo, "Kai mai tsaro, hau ka fara miƙo mana."

Sai na ji an fizgi mayafina. Gwaggo Gumsu ce, fuskarta jiƙe da hawayen murna, ta danƙa mini gammo a hannu tana tura ni gaba cikin mutane.

"Wuce gaba, 'yar nan, me kike jira? Ubanki ne ya shaida, angonki ne zai raba. Ki tsaya kusa, ki ga abin da zai fito da idonki."